Albasar Galmi, Rumbunan Nano da Hatimin Yawunde

 Barkanku da war haka, mutanen Dapaong da Nano da Tanjuware, da na Mango da Sinkase, da 'yan'uwa na Zangon Sokode da Didawure da Bafilo, da direbobin da ke jin mu a kan babbar hanyar Lome.

A shekarar 2006, wani kamfanin sayar da irin shuka na ƙasar Sanagal, mai suna Tropicasem, ya shigar da takarda a wani ofishi da ke Yawunde, babban birnin Kamaru. Abin da ya nema shi ne a ba shi shaidar mallakar irin albasar nan mai jan ɓawo da duk muka sani da albasar Galmi. Galmi gari ne na Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa. Kakannin mutanen kwarin Galmi su ne suka yi shekara da shekaru suna zaɓen uwar albasa, su mayar da ita ƙasa ta yi fure, su tara irin, su ajiye wa baɗi, har ta zama albasa mai yaji, mai jure zama a cikin rudu wata da watanni, wadda ake lodinta zuwa Kumasi da Akara da Abijan da Lome. Kun sha ganin motocinta, kun sha jin ƙamshinta tun kafin motar ta tsaya.

Sai wajen 2009 maganar ta fito fili. Ƙungiyoyin manoma suka yi ca, gwamnatin Nijar ta ƙi amincewa, kamfanin bai samu sunan Galmi ba. Daga baya ya koma da wata takarda a kan irin da ya raɗa wa suna Violet de Damani. Manoma da dama suka ce albasarsu ce aka sauya wa suna, kamfanin kuma yana ganin irin da ya inganta ne. Jayayyar ta daɗe.

To me ya haɗa mu da wannan, mu da ke arewacin Togo? Ofishin nan na Yawunde namu ne mu ma. Sunansa OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kula da haƙƙin mallakar ƙirƙira da tambarin kaya. An kafa ta a kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Bangi ranar 2 ga Maris 1977, aka gyara yarjejeniyar a 1999, aka sake gyara ta a Bamako a watan Disamba 2015. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Togo da Nijar da Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi da Kamaru. Takarda ɗaya da aka buga wa hatimi a Yawunde tana aiki a ƙasashen nan gaba ɗaya. Da kamfanin ya samu abin da ya nema, da hukuncin ya hau kan mai sayar da irin albasa a kasuwar Dapaong kamar yadda zai hau kan na Galmi.

Sashen yarjejeniyar da ya shafi irin shuka ya fara aiki ne ranar 1 ga Janairu 2006, wato a shekarar da aka shigar da waccan takarda. A 2014 kuma OAPI ta shiga UPOV, ƙungiyar duniya mai kare haƙƙin masu samar da sabon iri, wadda ke zaune a Jeniba. Dokar tana ba wanda ya samar da sabon iri haƙƙi na shekara 25, ba mai ninka irin don sayarwa sai da izininsa. Kafin a ba shi, sai irin ya cika sharuɗɗa: ya zama sabo, ya bambanta da waɗanda aka sani, kowace shuka ta yi kama da 'yar'uwarta, kuma halinsa kada ya sauya daga damina zuwa damina.

Ku riƙe sharaɗin nan na kama da juna, mu je Nano.

A tsaunukan da ke kusa da Nano, a kogunan dutse na Nok da Mamprug, akwai rumbunan laka fiye da 100 da aka gina a cikin tsagar dutse, inda mai kallo daga ƙasa ba zai hango su ba. Mutanen wannan ƙasa, Moba da maƙwabtansu, nan suke hawa da iyali da hatsi in mahara sun taso, a zamanin da ake kai hari ana kama bayi. Gwamnatin Togo ta sa wurin cikin jerin waɗanda take neman UNESCO ta amince da su tun shekarar 2000. Masu yawon buɗe ido suna zuwa su ɗauki hoton rumbunan. Ni abin da ke cikinsu ya fi damuna. Wanda ya gudu da hatsi ya gudu da iri, kuma irin da aka tsira da shi ta haka, aka yi ta zaɓensa hannu bayan hannu, shi ne tushen gero da dawa da wake da gujiyar da ake shukawa a Nano yau.

Ku shiga gonar tsohon manomi a can lokacin girbi. Zai bi kunya-kunya yana duba zangarniya, ya karya wadda ta cika ta yi nauyi, ya tsallake wadda tsuntsu ya taɓa, ya ɗaure zaɓaɓɓun daban, a rataye su inda hayaƙin murhu zai riƙa bugunsu don ƙwari. A cikin damin nan akwai doguwa akwai gajeruwa, akwai mai saurin nuna akwai mai jinkiri. Da gangan ne. In ruwa ya ɗauke da wuri, mai saurin nuna ta ciyar da gida. In damina ta yi tsawo, mai jinkiri ta cika rumbu. Wannan bambancin shi ne ƙarfin irin, kuma shi ne ainihin abin da ya hana shi cika sharaɗin doka. Irin da bai yi kama da juna ba, ba ya samun takarda. Sai ya zama dokar tana iya kare wanda ya ɗebi irin manomi ya tace shi shekara kaɗan a gonar gwaji, amma ba ta da gurbin da za ta sa sunan waɗanda suka yi ƙarni suna renonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A yi adalci. Dokar ba ta hana manomin Nano shuka geron kakansa ba, ba ta hana shi sayar da shi ba. Abin da ta ɗaure shi ne irin da aka yi wa rajista. Wannan ma an bar wa manomi damar ya ajiye daga girbinsa ya sake shukawa a gonarsa. Sayar da shi a matsayin iri ne ya fita daga abin da aka yarje masa, kuma masana shari'a suna jayayya a kan musayar da maƙwabta ke yi tsakaninsu, wadda a wurinmu ita ce hanyar da iri ke yawo tun fil azal. Kuma mai binciken da ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa irin masara mai jure fari, ya cancanci ladan wahalarsa, ban musa ba. Abin da na ƙi shi ne ma'aunin da ke auna wahalar mai takarda, ya bar ta marar takarda a ƙasa.

Ba mu kaɗai wannan ya taɓa ba. Bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gidajenmu, wadda muke dafa ganyenta don zazzaɓi, muke zuba shi cikin buhun wake don ƙwari, asalinta daga Indiya take. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace tare da ma'aikatar noma ta Amurka takardar mallakar wata hanyar yin maganin cutar shuka daga man 'ya'yanta. Mutanen Indiya da magoya bayansu suka kai ƙara, suna cewa wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarsu. An soke takardar a 2000, aka ɗaukaka ƙara, sai a 2005 aka rufe maganar. Shekara goma ana shari'a don a tabbatar da abin da manoman ƙasar suka daɗe da sani. Indiya ta ɗauki darasi: daga 2001 ta fara tattara ilimin magungunan gargajiyarta a wata taska ta kwamfuta, ta buɗe wa ofisoshin rajista na duniya, don duk wanda ya zo da da'awar sabon abu a duba a gani ko an riga shi. Mu ma muna da abin tattarawa. Akwai shi a kundin malamai da rubutun ajami, akwai shi a kan wanzamai da unguwar zoma da masu ɗori, akwai shi a hannun matan da ke yin man kaɗe da daddawa. A gaban alƙalin irin wannan shari'a, abin da aka rubuta da kwanan wata ya fi ƙarfin abin da kowa ya sani.

Mu koma Galmi, don labarin bai ƙare a kan rigima ba. Cikin yarjejeniyar Bangi akwai wata ƙofa da ta fi dacewa da mu, ita ce rajistar sunan wuri. A nan ba mutum ɗaya ke mallaka ba, jama'ar wuri ne, kuma ba mai sa sunan a kan kayansa sai wanda ya yi shi a wurin, bisa ƙa'idar da masu sana'ar suka rubuta da kansu. OAPI ta fara ba da irin wannan a 2013, ga masoron Penja da farar zumar Oku a Kamaru, da kofin Ziyama-Masanta a Gini. Daga baya Nijar ta bi wannan hanya ta yi wa albasar Galmi rajista, ta yi wa kilishin Nijar, ta kuma nemi tambarin haɗin gwiwa ga cukun makiyaya da fatar jan akuyar Maraɗi.

Maganar fatar nan tana da tsohon ciwo. Ƙarnuka da dama ana jeme fatar jan akuya a ƙasar Sakkwato da Kano, ayari ya ƙetare Sahara da ita, ta shiga Turai ta tashoshin arewacin Afirka, a can kuma a riƙa kiranta fatar Maroko, ana yi wa manyan littattafai bango da ita. Majemin da ya yi aikin bai taɓa jin sunan garinsa a kanta ba.

Kilishin kuwa ya tayar da tambaya a zangonninmu, kuma tambaya ce mai kyau. Mahaucin Sokode ko na Dapaong da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, yake fere nama siriri, ya shanya a kan asabari, ya tsoma a labu na ƙuli-ƙuli da yaji, ya gasa, shin an ƙwace masa sunan? A'a. Kilishinsa kilishi ne, ya kira shi haka, ba wanda zai hana shi. Abin da ba zai yi ba shi ne ya rubuta a leda cewa kilishin Nijar ne alhali a Sokode aka yi shi. Amma tambayar ta tona wani abu da ya fi wannan girma. Doka tana bin iyakar ƙasa, gadonmu kuwa bai san iyaka ba. Kilishi na Kano ne, na Sakkwato ne, na Madawa ne, na Marwa ne, na Zangon Kumasi ne. Fataken goro da suka bi hanyar Kano zuwa Gwanja, suka yada zango a Jugu da Bafilo da Didawure da Mango kafin su kai Salaga, sun yaɗa sana'o'in nan tun ba a zana taswirar da muke kai yanzu ba. Yau kuwa mutumin Sinkase, in ya yi tafiyar da ba ta kai ta yini ba, ya taka tsarin doka biyu: Togo da Burkina suna cikin OAPI, Gana tana cikin wata ƙungiyar dabam mai suna ARIPO da ke Harare. Najeriya, inda mafi yawan Hausawa suke, ba ta cikin ko ɗaya, tana da dokar tambarinta ta 1965 da ta ƙirƙira ta 1970. Takardarka ta Yawunde ba ta kare ka a kasuwar Kantin Kwari ta Kano. A watan Fabrairu 2023 shugabannin Afirka sun amince da wani sashe na yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya da ya shafi wannan fanni, amma tsakanin sa hannu a Addis Ababa da abin da ɗan duwan zai yi aiki da shi a bakin iyaka, akwai tafiya.

Yanzu mu shiga layin 'yan atamfa, don a nan ne yawancinmu muka fara cin karo da wannan doka, kuma da ƙwace muka fara saninta.

Ku tsaya ku kalli hajiyar da ta zo haɗa lefe. Ba ta fara tambayar kuɗi. Za ta zaro turmin, ta juya bayansa ta ga ko rinin ya ratsa fuska biyu daidai, ta murza gefe tsakanin yatsu ta ji ko sitaci ne ya ba shi ƙarfi, ta kai hanci, wata har ta taɓa da harshe, sannan ta bi bakin zanen da ido tana neman sunan kamfani da lambar zane. Wannan duba da take yi, shi ne dalilin da ya sa aka yi dokar tambari tun farko: mai saye ya san abin da yake saye da wanda zai kama in an cuce shi.

Atamfar Holan ta kamfanin Vlisco ce, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846. Amma ku ji asalinta. Turawan Holan sun kwaikwayi rinin kakin zuma na mutanen tsibirin Jaba ne, a Indunusiya, suka mayar da shi aikin inji. Can bai karɓu sosai ba, sai ya samu kasuwa a gaɓar Afirka ta Yamma daga ƙarshen ƙarni na 19. A nan Togo, matan babbar kasuwar Lome da ake kira Nana Benz su ne suka ɗaga ta. Sukan karɓi zane ya zama su kaɗai ke sayar da shi, su ba kamfani shawarar launi, kuma su da masu sayensu ne suke raɗa wa zane sunan da zai sa ya yi farin jini daga Lome har Kinshasa. A takarda, zanen na kamfani ne. Sunan da ya sayar da shi kuwa, wanda mata suka raɗa, ba na kowa ba ne a idon doka.

Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, 'yar Holan ta fi ƙarfin talaka. Ba a daɗe ba atamfar Sin ta cika tashar jirgin ruwan Lome, kuma 'yan kasuwarmu ne da kansu suka riƙa ɗaukar samfuri suna kaiwa can a buga musu. Masaƙun yankin nan suka ji a jikinsu. Ta Daca da ta Kara a nan gida sun durƙushe, a Kaduna kuma masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida. Ba kwaikwayo kaɗai ya kashe su ba, akwai rashin wuta da fasa-ƙwauri da rashin kyakkyawan riƙo, amma yana cikin abin da ya ƙarasa su.

A nan nake so mu rarrabe, don ana yawan cakuɗa abu biyu. Akwai atamfar da ta zo da sunanta, irin su Hitarget, mai saye ya san ba 'yar Holan ba ce, ya saya daidai aljihunsa. In zanenta ya yi kama da na wani, wannan shari'a ce tsakanin kamfani da kamfani, kuma tana da wa'adi, don rajistar zane a OAPI shekara 5 ce, ana sabuntawa har 15, ko da yake lauyoyi kan koma ta ƙofar haƙƙin mai zane, wanda ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Sannan akwai wadda aka buga wa sunan wani da hatiminsa a baki, aka sayar wa hajiya a farashin asali. Wannan algus ne. Ba kamfanin Helmond aka fara cuta ba, hajiyar aka cuta, da amaryar da zanenta zai koɗe a wanki na biyu. Ba na jin tausayin mai wannan sana'a in duwan ta kama kayansa. Wanda nake tausaya wa shi ne ƙaramin ɗan kasuwar da ya sari dila bai san me ke ciki ba, aka ƙwace jarinsa a hanya, babban dilan da ya yi odar kayan kuwa yana zaune lafiya.

Kwaikwayon kuma bai tsaya a kan kayan Turawa ba. Masaƙan Sokode da Bafilo suna zaune tun safe suna jefa ƙoshiya, su saƙa ƙwarya-ƙwarya, a haɗa a ɗinka riga. Yau ana buga kamannin saƙin nan da inji a kan yadi mai arha, a kawo shi kasuwar da masaƙin yake. Burkina ta ga haka a kan saƙinta, Faso Dan Fani, sai a 2019 ta yi masa tambari na bai ɗaya wanda ke nuna wa mai saye cewa wannan saƙin hannu ne na ƙasar. Masaƙanmu suna da ƙungiyoyi, suna da shugabanni. Ba abin da ya hana su bin wannan sawu.

Wani zai ce, malam, shin ilimi ana mallakarsa? Ba an hana ɓoye ilimi ba? Malamai sun yi wannan muhawara, kuma har yanzu akwai masu ganin cewa wanda ya sayi littafi ko kaya ya mallake shi, ya yi abin da ya ga dama da shi. Amma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta amince da ita, ba ya halatta a taka ta. Ni ma nan na tsaya, da sharaɗi ɗaya da malamai ba su taɓa sakewa ba: haƙƙin mutum ɗaya ba ya zama dalilin halakar jama'a.

Inda wannan sharaɗi ya fi fitowa shi ne magani. Takardar ƙirƙira tana ba kamfani shekara 20 shi kaɗai ke yin maganin. A ƙarshen shekarun 1990, maganin ƙanjamau na mutum ɗaya a shekara ya haura dala 10,000. A watan Fabrairu 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da shi a dala 350. A watan Afrilu na shekarar, kamfanoni 39 da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu a kan dokar magungunanta suka janye ƙarar saboda matsin duniya, a Nuwamba kuma taron cinikayyar ƙasashen duniya a Doha ya tabbatar cewa ƙasa tana da ikon fifita lafiyar jama'arta. An ɗaga wa ƙasashe mafiya ƙarancin arziki, irin Togo da Nijar, wajabcin kare takardar magani har 1 ga Janairu 2033, kuma gyaran Bamako ya shigar da wannan cikin yarjejeniyar Bangi.

Don Allah kada a haɗa wannan da maganin jabu. Jenerik magani ne na gaskiya, sinadarinsa ɗaya da na asali, hukuma ta duba shi, sunan kamfani ne kawai ya bambanta. Jabu kuwa alli ne ko gari a cikin kwalin da aka saci tambarinsa. A annobar sanƙarau ta 1995 a Nijar an yi wa dubban mutane allurar rigakafin jabu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutuwar mutum 2,500. A 2017 hukumar ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Don haka ne shugabanni suka taru a Lome a watan Janairu 2020 suka yi alkawarin tsananta hukunci. Mai tallan ƙwayoyi a faranti cikin rana a tashar mota bai san komai game da Doha ba, amma tambarin da ke kan kwalinsa shi ne abin da uwa ke dogara da shi in ɗanta ya kwana da zazzaɓi.

Saura ku, masu ƙananan sana'a. Mai sabulun man kaɗe a Dapaong, mai yajin daddawa, mai ruwan leda, mai burodin da sunansa ya zagaye gari. A tsarin OAPI tambari na wanda ya riga shigar da takarda ne, ba na wanda ya riga amfani da shi ba, sai dai in an tabbatar a kan lokaci cewa wancan ya san naka ne ya yi maka shigar sauri. Kana iya shekara 20 kana gina suna, wani ya yi masa rajista, ya dawo ya ce ka sauke allonka. Rajistar tana ɗaukar shekara 10, ana sabunta ta ba iyaka. Ana buga kowace buƙata a mujallar ƙungiyar, a ba da 'yan watanni ga mai ƙorafi ya fito, in wa'adin ya wuce abin ya koma kotu da lauya. Mujallar nan da harshen Turawa take, a intanet. Wa ke karanta ta a Nano?

Ƙofar shiga daga Togo ita ce hukumar INPIT da ke Lome, don waƙa da littafi da fim kuwa akwai BUTODRA, wadda dokar 1991 ta kafa. Daga Dapaong zuwa Lome ya haura kilomita 600. Kuɗin mota da na kwana da na rajista sun fi ƙarfin mace ɗaya mai sabulu, amma ba su fi ƙarfin ƙungiyar mata 50 ba, kuma dokar ta yarda da tambarin haɗin gwiwa. Abin da nake roƙon hukuma shi ne ta kawo tebur ɗaya Dapaong, ɗaya Sokode, ko da a ɗakin masu sana'ar hannu ne, da ma'aikacin da ke jin Moba da Tem da Hausa, kuma a riƙa karanta sababbin buƙatun da suka shafi iri da abinci da saƙa a gidajen rediyo irin wannan kafin wa'adin ƙorafi ya cika.

Ranar 24 ga Mayu 2024, ƙasashen duniya sun amince a Jeniba da wata sabuwar yarjejeniya, bayan sama da shekara 20 ana tattaunawa. Ta ce duk mai neman takardar ƙirƙira a kan abin da ya samo daga tsiro ko dabba, sai ya faɗi ƙasar da ya samo shi, in kuma da ilimin wasu mutane ya yi aiki, ya faɗi su wane ne. Ba ta komawa baya ga takardun da aka riga aka bayar, ba ta shafi zanen atamfa ba, kuma an shar'anta cewa sai ƙasashe 15 sun tabbatar da ita kafin ta fara aiki. 'Yan majalisar da muka zaɓa daga yankin Sabana da yankin Tsakiya suna dawowa gida lokacin hutu, suna zuwa ɗaurin aure da jana'iza. In kun gan su, ku tambaye su ina aka kwana a kan wannan yarjejeniya, ku kuma tambaye su wane kaya na arewacin Togo aka shigar da sunansa a Yawunde.